Yadda Matafiyi Zai Yi Cajin Kwamfutarsa A Ƙasar Waje Ba Tare Da Asara Ba

Duk shekara ’yan kasuwa masu yawa daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas kan tashi zuwa Guangzhou da Dubai da Istanbul saro kaya. Ma’aikatan gwamnati kuma kan tafi taro ko kwas a Landan da Alƙahira da Kuala Lumpur da Washington, ban da masu zuwa Hajji da Umara. Da yawansu suna ɗauke da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda a cikinta lissafin kaya yake, da takardun ciniki, da rahoton da za a gabatar a wurin taro.

Abu na farko da kan tari irin wannan matafiyi a ɗakin otal shi ne soket ɗin bango da bai dace da filogin da ya zo da shi daga gida ba. Wani kan cusa da ƙarfi, wani kan ari cajar abokin tafiya, wani kuma ya sayi duk adaftar da ya fara gani a bakin titi. Kowanne daga cikin waɗannan na iya jawo ƙonewar caja, ko lalacewar kwamfutar, ko ma tashin gobara a ɗakin da ba na mutum ba, a ƙasar da ba tasa ba.

Tambayoyi biyu ne ke cikin wannan lamari, kuma yawancin kuskure daga haɗa su wuri ɗaya yake fitowa. Ta farko ita ce ƙarfin wutar da ke cikin soket. Ta biyu ita ce siffar ramukan soket ɗin. Kowacce da amsarta.

Dalilin da wutar duniya ba iri ɗaya ba ce

Ana auna ƙarfin turawar wutar lantarki da ma’aunin da ake kira bolt, wanda ake rubutawa da harafin V. A Najeriya wutar gida bolt 230 ce a ƙa’ida, kamar ta Birtaniya da Ghana da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ƙasashen Tarayyar Turai. Chaina tana kan bolt 220, wanda a aikace kusan ɗaya ne da namu. Amurka da Kanada kuwa bolt 120 suke amfani da shi, Japan kuma bolt 100. A Brazil akwai garuruwan da ke kan 127, akwai waɗanda ke kan 220.

Akwai ma’auni na biyu, wato yawan juyawar da wutar ke yi a cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ake rubutawa Hz. Najeriya da Turai da Chaina suna kan 50, Amurka da Saudiyya suna kan 60.

Wannan bambanci gadon tarihi ne. Tashar lantarki da Thomas Edison ya buɗe a birnin New York a 1882 ta fara ne da wuta mai kimanin bolt 110, Amurka kuma ta ci gaba a kusa da wannan adadi. Turai ta koma kan 220 saboda wuta mai ƙarfin turawa ba ta buƙatar waya mai kauri sosai. A Japan, kamfanin lantarki na Tokyo ya sayo injinan Jamus masu juyawa 50, na Osaka ya sayo na Amurka masu 60, shi ya sa har yau gabashin ƙasar da yammacinta ba su kan ma’auni ɗaya. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, Nijar da Chadi da Benin suka gaji na Faransa.

Rubutun da ke jikin caja

A jikin kowace cajar kwamfuta akwai ƙananan rubuce-rubuce da mafi yawan mutane ba su taɓa karantawa ba. Layin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya fara da kalmar INPUT, wato wutar da cajar ke karɓa. Idan an rubuta 100-240V tare da 50/60Hz, ma’anarsa cajar za ta yi aiki da wutar gida ta kowace ƙasa, daga Tokyo har Kano, ba tare da wata na’urar rage wuta ko ƙara ta ba.

Kusan duk cajojin asali na Dell da HP da Lenovo da Apple da Acer da Asus haka aka ƙera su. A cikin cajar akwai na’urar da ke karɓar wutar bango, ta mayar da ita wuta mai gudana ta hanya ɗaya, sannan ta rage ta zuwa adadin da kwamfuta ke buƙata, galibi bolt 19 zuwa 20. Ita ke daidaita kanta da abin da ta tarar. Wannan ne ma ya sa caja kan ci gaba da aiki a gida a lokacin da wuta ta yi rauni har fanka ke juyawa da ƙyar.

Duk da haka, dubawa ta fi zato. Idan rubutun ya ce 220-240V kawai, na’urar ba za ta yi aiki yadda ya kamata a Amurka ba. Idan ya ce 110V ko 120V kawai, sanya ta a wutar 230 zai ƙona ta nan take.

Adafta daban, tiransifoma daban

Adaftar tafiya, wato ɗan kan da ake sanya filogi a ciki kafin a soka a bango, siffa kawai take canjawa. Babu abin da take yi wa ƙarfin wuta. Idan bango na ba da bolt 230, to 230 ɗin ce za ta fito ta ɗaya gefen. Mai rage wuta ko ƙara ta ita ce tiransifoma, irin mai nauyin nan da ake saya wa kayan da aka kawo daga Amurka.

Wanda cajarsa ke ɗauke da 100-240V adafta kawai yake buƙata. Tiransifoma a wurinsa kaya ce mai nauyi marar amfani. Akwai ma wasu ƙananan na’urorin rage wuta marasa nauyi da ake sayarwa a shagunan filin jirgi, waɗanda aka yi su domin dutsen guga da injin busar da gashi. Irin waɗannan yanka wutar suke yi gunduwa-gunduwa, abin da ba ya damun na’urar da aikinta ɗumamawa ne, amma yana iya lalata cajar kwamfuta. Bai kamata a haɗa caja da su ba.

Haka kuma siffar soket ba ta nuna ƙarfin wutar da ke cikinsa. A Chaina akwai soket mai ramuka biyu tsaye irin na Amurka, amma wutarsa 220 ce. A Saudiyya, hukumomi sun daɗe suna mayar da gine-gine kan bolt 230, sai dai a wasu tsofaffin gidaje har yanzu akan tarar da soket na 127 kusa da na 220. Cajar kwamfuta ba ruwanta da wannan, amma sauran kayan da ke cikin akwati suna iya shiga matsala.

Filogin kowace ƙasa

Filogin da aka fi sani a Najeriya shi ne mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda Birtaniya ta fito da shi a 1947. A jerin sunayen ƙasa da ƙasa ana kiransa nau’in G. Mai zuwa Birtaniya ko Dubai ko Ghana ko Kenya ko Malesiya ko Hong Kong ba ya buƙatar komai, domin filoginsa na gida zai shiga. Saudiyya ma shi ta ɗauka a matsayin na hukuma, kuma shi ake samu a sababbin otal-otal na Makka da Madina.

Turkiyya da Jamus da Masar suna amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu, wato nau’in C da F. Faransa na da nau’in E, wanda ya yi kama da su, sai dai akwai wani tsinken ƙarfe da ke fitowa daga cikin soket ɗin kansa. Irin waɗannan ne aka fi samu a Yamai da Maraɗi da Yawunde da Kwatano. Amurka da Kanada da Japan suna da mai ƙafa biyu shimfiɗaɗɗu, nau’in A, da mai ƙarin ƙafa ta uku zagayayya, nau’in B. A Chaina, ban da nau’in A, akwai mai ƙafa uku shimfiɗaɗɗu da biyu daga cikinsu suka karkace, wato nau’in I, irin na Ostireliya. Indiya na amfani da mai ƙafa uku zagayayyu, nau’in D, wanda har yanzu ake gani a tsofaffin gidaje a nan gida, da babbansa nau’in M, irin wanda ake sanya wa na’urar sanyaya ɗaki. Shi wannan babban ne kuma aka fi samu a Afirka ta Kudu. Italiya da Suwizalan kowacce na da nata, duk da suna tsakiyar Turai.

Wanda zai daɗe a wuri ɗaya, kamar ɗalibi ko mai kwas na watanni, yana da hanyar da ta fi adafta. Yawancin cajojin kwamfuta gida biyu ne: akwatin cajar, da wayar da ke zuwa bango, wadda ake iya zarewa. Bakin wannan waya iri ɗaya ne a duk duniya, ko dai mai ramuka biyu kamar lamba takwas, ko mai ramuka uku. Sai mutum ya sayi wayar ƙasar da ya je, ya sanya a jikin cajarsa. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ta fi adafta kama bango da kyau.

Amfanin ƙafa ta uku

Doguwar ƙafar da ke saman filoginmu ba ta kai wuta cikin na’ura. Ita ce ke haɗe da wayar ƙasa, wadda aikinta shi ne idan wani abu ya lalace a ciki, wuta ta samu hanyar wucewa ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Adaftoci masu araha da yawa suna karɓar ƙafa uku a gaba amma ƙafa biyu kawai suke da ita a baya, wato sun yanke wannan kariya.

Alamar hakan ita ce ɗan tsikarin da mutum kan ji a tafin hannu idan ya taɓa kwamfuta mai jikin ƙarfe tana caji, ko kuma wurin taɓawa ya riƙa tsalle-tsalle. A caja mai lafiya wannan ’yar wuta ce kaɗan da ke zuba ta cikin matatar cajar, ba mai cutarwa ba ce. Amma tana nuna cewa wayar ƙasa ba ta haɗe, kuma ranar da cajar ta samu babbar matsala babu abin da zai tare. Saboda haka, caja mai ƙafa uku a nema mata adafta mai ƙafa uku. Cajar da aka ƙera da ƙafa biyu tun asali, wadda ke da alamar murabba’i a cikin murabba’i, an ninka mata rufi ne, ba ta buƙatar wayar ƙasa.

Akwai ɗabi’un da aka saba da su a gida waɗanda bai kamata a kai su ko’ina ba: cusa murfin biro ko makulli a ramin sama domin buɗe soket a sanya filogi mai ƙafa biyu, ko yanke filogi a soka tsirarar waya a tokare da ashana. Haɗin da bai kama da kyau ba yana tartsatsi, yana zafi, kuma daga irinsa gobara kan tashi. Filogin Ingila yana da fiyus a cikinsa, kuma duk wanda ya yanke shi ya zubar da wannan kariyar ma.

A banɗakin otal da yawa akwai wani soket da aka rubuta wa 110 da 220 tare da hoton injin aski. Na injin aski ne kawai, wutarsa ba ta kai ta ɗauki kwamfuta ba.

Inda haɗarin ya fi yawa

Cajar kwamfuta ba ta jan wuta da yawa. Mafi yawansu wat 45 zuwa 90 ne. Matsalar kan zo ne daga abubuwan da ake haɗa ta da su.

Kowace adafta tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, an rubuta shi a jikinta da harafin A. Adafta mai 6A a wutar 230 tana ɗaukar wat 1,380 ne. Butar dafa ruwa ta lantarki kuwa takan ja wat 2,000 ko fiye. Abokan tafiya da ke kwana ɗaki ɗaya, kamar yadda alhazai da ’yan kasuwa kan yi, sukan sanya ekistenshin a adafta guda, a jona wayoyin hannu da kwamfuta da buta da dutsen guga. Robar adaftar ce za ta fara narkewa. Kayan ɗumamawa su samu soket nasu daban.

Shi kansa ekistenshin ɗin sai an duba shi. Wanda aka saya a Amurka mai kariya daga tashin wuta an yi shi ne domin bolt 120. Da zarar an sanya shi a 230, abin kariyar da ke ciki zai ɗauka wuta ce ta yi yawa, ya ƙone, wani lokaci da ƙara da hayaƙi. Wannan ya shafi masu dawowa da tsaraba daga Amurka da Kanada da Japan. Na’urar ɗumamawa ta bolt 120 da aka sanya a wutar Najeriya tana jan kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka yi ta dominsa. Ita kuwa tamu ta 230 idan ta je can, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na zafinta za ta bayar. Tsofaffin kwamfutocin kan tebur kuma suna da wani ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wanda ya kunna irinsu a nan gida maɓallin na kan 115, sai dai ya nemi mai gyara.

Idan caja ta ɓata a hanya

Mantuwa da caja a otal ko a filin jirgi abu ne da ke faruwa kullum. Kafin a sayi wata ko a ari ta wani, a dubi layi na biyu, mai kalmar OUTPUT, wato wutar da caja ke bai wa kwamfuta. Adadin bolt dole ne ya yi daidai da na tsohuwar, ko da abin da aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar. Adadin da ke gaban harafin A kuwa zai iya zama daidai ko ya fi, amma kada ya gaza. Idan aka ninka biyun ana samun wat: 19.5V sau 3.33A ya ba da wat 65. Caja mai wat 90 ba za ta cutar da kwamfuta mai buƙatar 65 ba, domin abin da take buƙata kawai za ta ja. Amma mai 45 za ta yi zafi, cajin ya yi jinkiri, ko ya ƙi yi gaba ɗaya.

Shigar bakin caja cikin rami ba hujja ba ce cewa ta dace. Wasu kwamfutocin Dell da HP suna da siririn tsinke a tsakiyar bakin cajarsu wanda ta nan suke gane ta, kuma idan ba su gane ta ba sukan rage gudu ko su ƙi cajin batir.

Sababbin kwamfutoci masu caji ta bakin USB-C sun sauƙaƙa wannan lamari. Caja da kwamfuta kan fara daidaitawa a tsakaninsu kafin wuta mai ƙarfi ta wuce, saboda haka cajar wani kamfani na iya aiki a kwamfutar wani. Abin lura shi ne wat ɗin ya isa, kuma wayar ta zama mai iya ɗauka, domin waya ta gama-gari iyakarta wat 60. Tarayyar Turai ta wajabta wannan baki ga wayoyin hannu tun Disambar 2024, ta kuma sanya Afrilun 2026 ga kwamfutocin tafi-da-gidanka.

Game da jabu kuwa, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Cajar jabu takan yi rashin nauyi a hannu, rubutunta ya zama dishi-dishi ko da kuskuren haruffa, farashinta ya yi ƙasa sosai da na asali. Abin da aka rage a cikinta shi ne tazara da rufin da ke raba wutar bango da wutar da ke shiga kwamfuta. Alamomin inganci irin su CE da UL da CCC suna da amfani, amma masu jabu ma suna buga su, don haka sayen kaya a shagon da ke ba da rasiti da garanti ya fi dogaro da tambari.

Batir da dokokin jirgi

Caja ba ta da batir, ana iya sanya ta a kowace jaka. Amma fawa-bank da batirin kwamfuta na ajiya ba a sanya su a akwatin da za a auna ya shiga ƙasan jirgi, sai a jakar hannu. Ƙa’idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce har zuwa 100Wh babu buƙatar izini, daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfani, abin da ya haura haka kuma ba a yarda fasinja ya ɗauka ba. Fawa-bank mai 20,000mAh kimanin 74Wh ne, mai 27,000mAh kuma yana daf da iyaka.

Dokokin sun ƙara tsanani bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025. Daga 28 ga Yunin 2025, hukumar sufurin jiragen sama ta Chaina ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa-bank marar tambarin CCC, abin da ya shafi duk ɗan kasuwar da zai tashi daga Guangzhou zuwa Yiwu ko Shanghai. Kamfanin Emirates kuma ya hana amfani da fawa-bank a cikin jirginsa daga 1 ga Oktoban 2025, ko da yake ya bar fasinja ya riƙe guda ɗaya da bai kai 100Wh ba. Ya kamata a duba shafin kamfanin jirgi kafin ranar tashi.

Alamomin da ba a wasa da su

Ɗumin caja lokacin aiki ba matsala ba ne. Amma idan ta yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko ana jin warin ƙonewar roba, ko ƙarar tartsatsi daga soket, ko adafta ta fara canja launi, a kashe makunnin bango a zare nan take. Ba a barin caja a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ko cikin jaka tana aiki, domin iska take buƙata. Ba a kuma barin ta a jone a fita kasuwa yini guda. Wayar da ta zaizaye har ƙarfe ya fito a canja ta, naɗa mata salatif ba gyara ba ne. Idan wuta ta kama, ba a watsa ruwa a kan abin da ke jone da lantarki. A fara yanke wutar, sannan a sanar da ma’aikatan otal.

Shirin duka ba ya ɗaukar minti goma kafin a rufe akwati: a karanta rubutun jikin caja, a san nau’in soket na ƙasar da za a je da wadda za a yada zango, a sayi adafta mai ƙafa uku tun daga gida inda ake da lokacin zaɓe, sannan a kwafi muhimman takardu a filashi ko a ma’ajiyar intanet. Caja ana samun wata a kowane birni, amma lissafin kaya na shekara guda da ya tafi tare da kwamfutar da ta ƙone ba a sayar da shi a kasuwa.